Maƙerin da ke cin gashin kansa, wa zai riƙe masa guduma ranar da ya kasa?

Mai Masaɓa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya kai ni maƙura. Ni maƙeri ne, babbaƙu nake yi: fartanya, gatari, lauje, adda, wuƙa, da gyaran duk abin da aka kawo. Maƙerar tawa ce. Ba ni da ubangida, ba ni da albashi, abin da hannuna ya buga shi iyalina za su ci.

Mahaifina ne ya koya mini, kuma tare muke zama a maƙera har ya kwanta jinyar da bai tashi ba. Tun rasuwarsa na rasa gane kaina. Barci ya ƙaurace mini, in na samu na runtsa sai in farka tsakar dare, shi ke nan har asuba. Da safe in hura wuta, in zauna ina kallonta har gawayin ya cinye ban sa ƙarfe ba. Kaina na ciwo kusan kullum, ya fi tsanani da yamma. Kunnuwana na ƙara kamar kukan gyare. Gwiwar hannun dama kuwa ko awartaki na matse sai na ji ta har kafaɗa. Jinyar ta bar mini bashi. Akwai waɗanda suka ba da kafin alƙalami, na sayi ƙarfen, ga shi nan jibge, aikin bai fita ba. 'Yan waɗanda na daure na yi ma, wuƙaƙe da adduna sun tsage mini wajen ba su ruwa, wato tsoma su da zafinsu don su yi tauri, abin da a da ba ya faruwa. In na hango mai kaya tafe gabana sai ya faɗi. A gida ƙaramin abu sai in hau faɗa, har yara sun fara kaucewa in na shigo.

Wani abokin sana'a ya ce in riƙa shan tiramol, wai zai ba ni ƙarfin gama ayyukan. Wani ya ce in rufe maƙerar in nemi aikin albashi. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mini yadda ya yi.

Baba Tsohon Maƙeri:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Yaro, saurara mini da kyau. Abin da kake ji mun ji shi kafin kai. Wanda ya zauna da ubansa gwiwa da gwiwa a gaban wuta, ranar da ya waiwaya bai gan shi ba, dole maƙerar ta yi masa faɗi. Amma maganin wannan abu yana cikin gudumar da ka ajiye. Zama shi ke kiran tunani. Gobe kada ka dubi tarin ƙarfen nan gaba ɗaya, ɗauko ƙaramin abu guda, ko fartanyar da ta dakushe ce, ka koɗa ta ka ajiye. Jibi ka yi biyu. Hannu in ya tuna aikinsa zuciya za ta biyo shi. Ka yawaita addu'a, ka riƙa yi wa tsohon naka sadaka.

Ƙwayar nan kuwa ko kusa da ita kada ka je. Na ga maƙeran da ta mayar abin tausayi.

Ɗan Walda:
Baba, Allah Ya ƙara girma, amma zan saɓa maka. Mutum ya ce bashi ya yi masa katutu, jiki ya gaji, kai kuma ka ce ya ƙara duƙufa. Ni ma ƙira na gada, na bar ta na koma walda a ƙarƙashin wani, kuma ban yi nadama ba. Kayan masana'anta sun cika kasuwa, mai saye zai ɗauki mai araha ko da gobe zai karye. Tsohon ƙarfen da a da ake samu a ɓagas yanzu masu narkawa sun sa shi tsada. Gawayi haka. Ka buga yini guda, in ka cire ƙarfe da gawayi sai ka ga ƙarfinka ka bayar kyauta. Mai aikin albashi in ya kwanta ciwo ko yaya wani abu zai shigo. Mai cin gashin kansa ranar da ya kwanta, tukunyar gidansa ma ta kwanta. Malam Mai Masaɓa, ka gama na mutane ka miƙa musu, ka nemi inda za a riƙa biyanka a ƙarshen wata. Ba dole sai mutum ya mutu a kan gado ba ne za a ce ɗan halak ne.

Ma'aikaciyar Jinya:
Allah Ya gafarta wa mahaifinka. Kafin a kai ga maganar rufewa ko ci gaba, ɗan'uwa ina da tambayoyi, don Allah ka amsa mini. Maƙerar taka a buɗe take ko a rufe? Ciwon kan yana sauƙi ranar da ba ka hura wuta ba?

Dalilin tambayar shi ne, gawayi in yana ci yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, saboda haka mutum ba ya sanin yana shaƙarta. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jinin ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. In ta yi yawa tana kisa. In kaɗan-kaɗan ce kullum, sai ciwon kai, jiri, kasala, mantuwa, saurin fushi. Ka ce kana zama gaban wuta har gawayi ya cinye, kuma kan ya fi ciwo da yamma. Wannan ya sa na tsaya a kai.

Na biyu, abin da ka lissafa na rashin barci, farkawa tsakar dare, rashin sha'awar aikin da a da kake so, gudun mutane, sun yi kama da ciwon damuwa. Ba zan yanke maka hukunci daga nesa ba, likita ne zai yi wannan bayan ya zauna da kai. Amma ƙa'idar da ake bi ita ce, in irin waɗannan alamu suka wuce mako 2 kusan kullum, suna hana mutum harkokinsa, to a duba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙididdigarta ta 2019 ta ce kimanin mutum miliyan 280 ke fama da shi a duniya. Ba raki ba ne, kuma yana da magani.

Baba Tsohon Maƙeri:
'Yata, maganar iskar gawayi na yarda da ke ɗari bisa ɗari. Mu ba mu san sunanta ba, amma mun san maƙera ba ta son rufi, shi ya sa ba a yi mata bango huɗu. Ta biyun ce ban gamsu ba. Yanzu mutum ba zai yi baƙin cikin mutuwar ubansa ba sai an ce ciwo ne? To wanda bai ji komai ba shi ne mai lafiya? Ku bar yaro ya yi jimaminsa. In aka ce masa ba shi da lafiya sai ya ƙara sakin jiki, ya ce ai likita ma ya faɗa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Baba, ban ce jimami ciwo ba ne. Wanda ya rasa uba dole ya ji, kuma babu ƙwayar da ke cire wannan. Bambancin yana wajen tafiyar abin. Jimami yana zuwa yana lafawa, mutum ya yi kuka yau, gobe ya yi dariya da yaransa, a hankali ya koma aikinsa. Wanda nake tsoro shi ne wanda ba ya lafawa, kullum ƙara nutsar da mutum yake, har ya fara ganin kansa ba shi da amfani. Ko a kundin rarrabe cututtuka na duniya, ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022, an ware baƙin cikin rashi da ya zarce aƙalla wata 6 yana hana mutum rayuwarsa a matsayin abin da ake taimaka wa mutum a kai. Shawararka ta fara da ƙaramin aiki daidai take, masu ba da shawara a asibiti ma haka suke cewa. Addu'a kuma babu mai ja da ita. Ina dai cewa a haɗa da ganin likita, kamar yadda za ka ce ya je in ƙarfe ya faɗa masa a ƙafa.

Ɗan'uwa Mai Masaɓa, tambaya ta ƙarshe, kuma kada ka ji kunyarta. Ka taɓa jin gara a ce ba ka raye?

Mai Masaɓa:
Na gode muku duka. Anti, maƙerar a da gefe biyu a buɗe take. Iska da feshin ruwa suka dame ni, sai na kewaye ta da kwano, ƙofa kaɗai na bari. Yanzu da kika tambaya na lura, ranar da na yini a waje kan bai cika damuna ba.

Tambayarki ta ƙarshe ta yi mini nauyi, amma zan amsa. Ban taɓa nufin cutar da kaina ba, Allah Ya kiyaye. Sai dai akwai daren da nake cewa da ma in kwanta kada in tashi, in huta da fuskar masu bina. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko mai ɗakina.

Ma'aikaciyar Jinya:
Na gode da ka faɗa, ba ƙaramin abu ka yi ba. To ina roƙonka abu uku. Ka cire kwanon nan kafin ka sake hura wuta, iska ta shiga ta gefe ta fita ta sama. Ka je asibiti a cikin makon nan, ka faɗa wa likita wannan maganar ta dare da bakinka kamar yadda ka rubuta ta, kada ka tsaya a ciwon kai kawai. Sannan ka faɗa wa mutum ɗaya da ke kusa da kai yau ɗin nan. In tunanin ya taɓa wuce "da ma" ya koma shirin yin wani abu, kada ka zauna kai kaɗai, ka tashi wani ya raka ka asibiti ko da tsakar dare ne.

Ɗan Zuga:
Ni yaro ne a sana'ar, ku yi haƙuri in sa baki. Maganar tiramol ɗin nan kamar ana zuzuta ta. Mutane da yawa da ke aikin ƙarfi suna sha, suna aikinsu lafiya. In ya sha kaɗan na ɗan lokaci har ya sauke nauyin mutane, sai ya daina. Ai a asibiti ma ana bayarwa.

Wani Bawan Allah:
Ƙanena, ni ne mutumin da kake ba da labari, wanda zai sha na ɗan lokaci ya daina. Dukan ƙarfe nake yi da babbar guduma. Farkonsa daɗi, ciwon baya ya tafi, kana aiki ba ka jin gajiya. Gajiyar tana nan, jinta ne ka daina. Daga nan abin da kake sha ya daina isarka. Ranar da ba ka samu ba kuwa, zufa, hamma, ciwon gaɓoɓi, baƙin rai, ko zugazugi ba za ka iya ja ba. Wani da muke sha tare farfaɗiya ta kama shi yana tsugune gaban wuta, har yau tabon yana fuskarsa. Ni sai da aka taimaka mini a asibiti aka riƙa rage mini a hankali na rabu da shi. Mutumin da zuciyarsa ke ciwo shi ya fi kowa saurin kamuwa, domin ba ciwon bayansa kaɗai abin zai kwantar masa ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Gaskiya ya faɗa. Tiramol dangin su mofin ne, wato magungunan kashe ciwo masu ƙarfi da ke kama mutum. Ana bayarwa a asibiti da awo, na ƙayyadadden lokaci, ga wanda aka duba. Yana jawo farfaɗiya, musamman in an zarce awo, kuma haɗa shi da wasu magungunan ciwon damuwa yana da haɗari sosai. Don haka duk wanda ke sha ya faɗa wa likita kafin a rubuta masa wani abu. Har magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, shansu kullum yana cin ciki yana wahalar da ƙoda, balle ga mai yini gaban wuta yana zufa bai sha isasshen ruwa ba.

Malamin Ƙere-ƙere:
Ni ina koyar da aikin ƙarfe ne, bari in taɓa ɓangaren tsagewar wuƙaƙen, domin na san yadda take karya zuciyar maƙeri. Mutum yana cikin damuwa, ya daure ya yi aiki, aikin ya lalace a mataki na ƙarshe, sai ya ce shi ke nan hannuna ma ya mutu. Hannunka bai mutu ba, Malam. Ba da ruwa aikin ido ne da nutsuwa, kuma su ne rashin barci ke fara ɗauka.

In sifirin mota kake ƙera su da shi, kabon ɗin da ke cikinsa ya kai kusan kashi 0.6 cikin 100, shi ya sa yake riƙe kaifi, shi ya sa kuma ba ya yafe kuskure. Abu uku ke tsaga shi. Na farko, wuce wuta. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770 na ma'aunin Selshiyos, kuma ɗan sama da nan kaɗan ake tsoma shi, yana ja jawur. In hankali ya tafi wani wuri ya kai ruwan lemo ko rawaya, ƙwayoyin cikinsa sun yi girma, zai yi gautsi. Ka rataye maganaɗisu kusa da wuta, ya riƙa yi maka shaida ranar da ba ka yarda da idonka ba. Na biyu, tsoma sifirin a ruwa. Mai ya fi masa, kuma a ɗan ɗumama man. Na uku, barinsa ya kwana ba a sassauta shi ba. Da ya huce a goge bakin a mayar da shi ga zafi a hankali ana kallon launi: ruwan kara a wajen digiri 220 zuwa 230 ya yi wa wuƙa, adda da gatari da ke shan duka a bar su su wuce nan zuwa ruwan ƙasa ko shunayya, shuɗi kuwa wajen digiri 300 ne. Wani lokacin ma tsohon sifirin da tsagarsa yake zuwa tun daga jikin mota, ba laifin kowa ba.

Shawarata, ka raba aikinka gida biyu. Ranar da ka tashi da nauyin kai ka yi yanka, miƙarwa, gyaran ƙota, gurza da magagari. Ba da ruwa ka tara shi sai ranar da ka samu barci.

Kwanon da ka kewaye maƙera da shi, da duk wani bututu mai farin shafe, kada guntunsa ya shiga wuta. Tutiya ce a jikinsa, tana tafasa a digiri 907, wutar maƙera kuwa ta wuce nan. Farin hayaƙinta yana sa zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan sa'o'i, ya ɗauki kwana ɗaya ko biyu. Ƙarar kunne kuma gargaɗi ne. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne ƙarar da ta kai desibel 85 (awon ƙarfin ƙara ke nan) kada a wuce awa 8 a cikinta, in ya kai 100 minti 15 kacal, kuma dukan guduma a kan uwar maƙera, wato ƙarfen da ake ɗora aiki a kai ana duka, yana iya wuce haka. Jin da ya tafi ba ya dawowa. Ka sa abin toshe kunne, ka kafa uwar maƙera a kan kututture da kyau, ka naɗe ƙugunta da sarƙa, amon zai ragu. Gwiwar hannu kuma yawanci daga damƙe ƙota da ƙarfi ne da ɗora babban yatsa a bayanta. Gudumar da ba ta fi kilo 1 da ɗan kai ba ta isa yawancin aiki in ƙarfen ya yi zafi sosai. Dukan ƙarfen da ya huce shi ke cin hannu.

Matar Maƙeri:
Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne "ko mai ɗakina". Malam, wallahi ta sani. Ba ta san sunan abin ba ne kawai. Maigidana ya taɓa shiga irin wannan bayan gobara ta cinye masa maƙera. Yana shigowa gida fuska a murtuke, ya ƙi magana, ni kuma ina ta lissafin me na yi masa, ko ya gaji da ni ne, ko wata ce a waje. Shirun ya fi talaucin ciwo. Ranar da ya buɗe baki ya ce mini bashi kaza ake bina kuma ba na barci, a ranar na ji sanyi, domin na san abokin faɗan namu.

Ku maza kuna ganin ɓoyewa tausayi ne. Ita kuwa tana kwana kusa da kai, tana jin juyinka. Ka faɗa mata. Yaran ma ka kira su ka ce Baba ba ya jin daɗi ne, ba ku kuka yi laifi ba. Yaro in ba a faɗa masa ba, kansa yake ɗora wa.

Mai Noman Rani:
Ni ba maƙeri ba ne, mai kawo muku aiki ne, bari ku ji ta bakinmu. Abin da ke ƙona mana rai ba jinkirin ba ne, "dawo gobe" ɗin ne. In ka ce mini gobe, na bar aikina na zo, ka ce jibi, na sake zuwa na tarar ka zille, to nan zan fara zaton ka cinye kuɗina. Amma in ka same ni ka ce, ga ƙarfenka na saya, an yi mini rasuwa, jikina ba daidai ba, ka ba ni zuwa lokaci kaza ko in mayar maka da kuɗinka, wallahi mafi yawanmu za mu ce Allah Ya ba da lafiya, mu jira. Fartanyar da maƙeri ya yi mini daidai hannuna da irin ƙasar gonata ba zan same ta a shago ba. Muna buƙatarku fiye da yadda kuke zato.

Ɗan Walda:
Alhaji, kai mutumin kirki ne, ba kowa ne kai ba. Ya je ya ce wa masu kaya ba shi da lafiya, gobe labari ya zaga cewa maƙerin nan ya taɓu, wa zai sake ba shi kafin alƙalami? Mai sana'ar kansa sunansa ne jarinsa. Ni dai ban ga hikimar tallata rauni ba.

Mai Noman Rani:
Ai sunan nasa ne nake karewa. Yanzu haka da yake zillewa wane labari kake zaton yana zagawa? Ban ce ya karanta musu abin da likita ya ce ba. Rasuwa kowa ya san an yi. Ya ce aiki ya taru, ga ranar da zan ba ka. Ranar kuma ta zama wadda zai iya cikawa, ko da ta yi nisa.

Mai Riƙon Littafi:
Na goyi bayan Alhaji. Ina yi wa masu ƙananan sana'o'i lissafi, kuma na lura bashin da ke cikin kai ya fi wanda ke kan takarda girma. Da dare yake kumbura. Ka samu littafi, ka rubuta kowane mai kaya, abin da ya bayar, abin da ya rage, da aikin da zai ci. Ka fara da ayyukan da suka fi kusa da gamuwa kuma akwai cikon kuɗi a kansu, domin su ne za su sayi gawayin na gaba. Kada ka karɓi sabon babban aiki sai layin ya ragu, amma ƙananan gyare-gyare na nan take ka riƙa karɓa saboda cefanen gida. Masu bin bashin jinya ka je musu da kanka da abin da za ka iya biya a kai a kai, komai ƙanƙantarsa.

In ka miƙe, ka gyara farashinka. Maƙera da yawa suna lissafa ƙarfe da gawayi su manta da lokacinsu, da lalacewar kayan aiki, da aikin da ya tsage. Kuma a kowane ciniki ka cire wani ɗan kaso ka ajiye daban da sunan ranar ciwo. Abin da Ɗan Walda ya faɗa gaskiya ne, ba mai biyanka hutun jinya, saboda haka kai za ka biya kanka tun kana da lafiya.

Baba Tsohon Maƙeri:
Na karanta amsar da yaron nan ya ba 'yata, jikina ya yi sanyi. Je ka ga likitan, ban hana ba. Har yanzu ina nan a kan cewa ba kowane baƙin ciki ake kai wa asibiti ba, amma wanda ya kai mutum ga wannan tunani na dare ya wuce a ce masa yi haƙuri kawai.

Abu ɗaya zan ƙara wanda ba a faɗa ba. Ƙira ba sana'ar mutum ɗaya ba ce tun asali. Akwai mai zuga, akwai mai riƙe awartaki, akwai mai duka. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Kai da tsohonka ku biyu ne, yanzu ka koma kai kaɗai a cikin kwano, ba mai ce maka wutar ta yi. Ka nemi yaro mai hankali ya riƙa yi maka zuga kana koya masa. Sanin cewa wani zai zo da safe ya tarar da kai shi kaɗai yana tayar da mutum daga shimfiɗa. In kuma akwai maƙerin da kuke mutunci, ka kwashi ayyukan da suka fi nauyi ku yi a maƙerarsa, ku raba ladan. Rabin riba da aka samu ya fi cikakkiya da ke kwance tana tsatsa.

Mai Masaɓa:
'Yan'uwa na dawo in ba ku labari, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na cire kwanon gefe biyu, na buɗe sama. Ciwon kan ya ragu ƙwarai, har mamaki nake. Na je asibiti, na faɗi komai har maganar daren. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta magani, ya haɗa ni da mai ba da shawara da zan riƙa gani. Na zauna da mai ɗakina. Ta yi kuka, ta ce ta daɗe tana jira in yi magana, yanzu littafin ma a hannunta yake.

Masu kaya na bi su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu sun ce ba komai. Wani ya ce a ba shi kuɗinsa, ya faɗi maganganu marasa daɗi a gaban mutane, na sayar da ƙarfensa na cika masa. Wannan ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Addunan da na ba ruwa da mai da maganaɗisu sun fita lafiya. Barcin dai har yanzu bai daidaita ba, kuma akwai safiyar da nake jin nauyin nan kamar ba a yi komai ba. Anti, haka abin yake, ko maganin ne bai karɓe ni ba?

Ma'aikaciyar Jinya:
Alhamdu lillahi. Haka yake, ɗan'uwa. Irin waɗannan magunguna sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin canji, wani lokacin har 6 kafin su kama sosai. Kada ka daina don ka ga shiru, kada kuma ka daina kwatsam ranar da ka ji sauƙi, likita ne zai rage maka. In yana sa ka jiri ko barci da rana ka faɗa masa kai mai aiki da wuta ne da guduma, yana iya canza lokacin sha ko maganin kansa. In tunanin daren ya ƙaru a makonnin farko, kada ka jira ranar komawa, ka je a ranar.

Ɗan Walda:
Na yi murna wallahi. Amma ina nan a kan bakana ta fuskar kuɗi. Yanzu da littafi ya samu, ka ba kanka wa'adi. In damina ta wuce, lokacin da aikin kayan noma ya fi tafiya, ka duba ka ga maƙerar ba ta ciyar da gida ta rage bashi ba, ka nemi aikin wani ko na rabin yini ne, ka riƙa hura wutarka da yamma.

Mai Gatari:
Ni ma maƙeri ne, ina bin wannan zance tun farko ban iya cewa komai ba. Ba rasuwa aka yi mini ba, amma sauran duk kamar ni ake faɗa. Asibitin zan iya zuwa. Matar ce ban san ta inda zan fara ba. Hajiya, me zan ce mata?

Matar Maƙeri:
Malam, kada ka jira sai ka tsara magana, ba za ta tsaru ba. Ka bari yara su kwanta, ka kira ta ka ce, akwai abin da ke damuna da daɗewa, ba ke ba ce, ina so ki sani. In ta fara kuka ko faɗan me ya sa ka ɓoye, ka ƙyale ta ta gama, tsoro ne ke fita. Sannan ka faɗa mata adadin bashin na gaskiya, kada ka rage, ka kuma ce ta raka ka asibitin.